Saƙar Bargon Kwarashi Mai Launi Biyu: Lissafin Mafici da Raga da Sunayensu a Hausa

Kalmar saƙa a Hausa tana da faɗi ƙwarai. Masaƙin da ya zauna gaban allira yana jefa ƙoshiya saƙa ya ke yi, mai haɗa kaba ya fitar da tabarma shi ma saƙa ya ke yi, har gizo-gizo ba a hana shi wannan suna ba. Saboda haka da sana'ar kwarashi ta iso ƙasar Hausa daga Turai sai ta tarar da masauki a shirye, aka shigar da ita cikin wannan gida ba da wata gardama ba. Amma sunan sana'ar kaɗai ta samu. Ƙananan ayyukan da ke cikinta, yawancinsu har yanzu da sunan Turanci a ke kiransu, ko kuwa a nuna da hannu a ce "yi haka". Wannan ya isa in uwa ce ta ke koya wa 'yarta a tsakar gida. Bai isa ba ga malamar da za ta tsaya gaban aji guda na ɗalibai, waɗanda su ma gobe za su fita su koyar da waɗansu, domin abin da ba shi da suna ba ya rubutuwa a allo, ba ya kuma tambayuwa a jarrabawa.

An zaɓi bargo mai launi biyu, wanda a ke jera masa zanen mafici da na raga bi da bi, domin ya tattara kusan dukan abin da mai koyo ke bukata. Akwai wuri mai kauri da wuri mai huji, akwai sauyin launi, akwai kuma lissafi wanda in an gane shi sau ɗaya, ba a sake dogara ga haddar littafi.

Asalin sana'ar

Saƙar kwarashi yarinya ce in an gwada ta da saƙar masaƙa. A farkon ƙarni na 19 ta bayyana sosai a Turai, kuma bayani na farko da aka sani an buga a kanta da wannan suna ya fito ne cikin wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé a 1823. Masana da yawa suna ganin ta tsiro ne daga wani irin surfani da a ke yi da ƙaramar ƙugiya a kan ƙyallen da aka ɗaure bisa zagayen katako, sai daga baya aka ajiye ƙyallen aka bar ƙugiya da zare su kaɗai. A lokacin babbar yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845, mata matalauta da yawa sun rayu da sayar da leshin kwarashi, wannan kuwa ya ƙara yaɗa sana'ar. Littattafan koyarwa suka biyo baya: Riego de la Branchardière ta fara buga nata a Landan a 1846, Thérèse de Dillmont kuma ta fitar da babban kundinta na ayyukan allura a 1886. Har Sarauniya Biktoriya ta saƙa mayafan wuya guda takwas da hannunta, aka ba sojojin da suka nuna jaruntaka a yaƙin Afirka ta Kudu.

Abin da ya raba ta da sauran dangogin saƙa shi ne wannan. Masaƙi yana aiki da zare iri biyu, na tsaye da abawar da ke gittawa. Mai saƙa da sanduna biyu, waɗanda mata ke kira kibiya, tana riƙe da zobban zare masu yawa a buɗe lokaci guda, in ɗaya ya kuɓuce sai ya tsere ƙasa. Mai kwarashi kuwa zobe ɗaya tak ke kan ƙugiyarta a ƙarshen kowane ƙulli. Tana gama wannan ta wuce ga na gaba, kuma tana da ikon soka kwarashinta duk inda ta ga dama: cikin ido ɗaya sau biyar, ko ta tsallake idanu biyu ba ta taɓa su ba. Daga wannan 'yanci ne mafici da raga suka fito.

Kalmomin aiki

Kwarashi aro ne daga Turancin Ingilishi, shi kuma ya aro daga Faransanci, inda asalin ma'anar kalmar ita ce ƙaramar ƙugiya. Yadda ta zauna a bakin Bahaushe abin lura ne. Baƙaƙe biyu, k da r, sun haɗu a farkon kalmar ba wasali tsakaninsu, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba, sai aka tsaga su da wasali. Zagayen leɓen da ke cikin wasalin o ya koma kan k ya zama kw, kamar yadda a ke ji a kwalta da kwamiti da kwabo da kwaleji. Harafin t da a ke rubutawa a ƙarshen kalmar a Turanci ba a furta shi, kuma babu alamarsa a Hausa, wannan kuwa shaida ce cewa ta kunne aka karɓi kalmar, daga bakin mai koyarwa, ba daga takarda ba. Wani abin sha'awa kuma, Turawan Ingila sun fi amfani da kalmar a matsayin sunan sana'a, amma Hausa ta mai da ita sunan kayan aikin, watau ta komar da ita ma'anarta ta fari ba tare da sani ba.

Ulu shi ma aro ne, asalinsa gashin tumaki. Amma tun da kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar da zaren roba mai kama da gashi a 1950, irin wannan zare ya bazu cikin kasuwannin duniya, har ya zama yawancin abin da a ke saye da sunan ulu bai taɓa jikin tunkiya ba. Bambancin yana da amfani wajen wanki, za a zo kansa. Shi kuwa bargo sunan da ya dace ke nan da abin da za a saƙa, domin gwado da luru na masaƙan gargajiya ne, da zaren auduga a ke yinsu.

Sauran kalmomin da za a yi aiki da su nan shawara ce, an kuwa zaɓe su domin su faɗi abin da ido ke gani. Zobe shi ne lanƙwasar zaren da ke kan kwarashi. Naɗi shi ne ɗora zare bisa ƙugiya sau ɗaya. Ido shi ne kan ƙullin da aka gama, inda za a soka kwarashi a layi na gaba. Kalmar ƙulli kanta ba ta cika daidai ba, tun da ya ke in an zare kwarashi aka ja bakin zare sai aikin duka ya warware, amma ita ta fi kusa, kuma ba ta rikitar da kowa.

Ƙulli uku kaɗai bargon nan ke bukata. Na farko sarƙa: a yi naɗi, a jawo shi ta cikin zoben da ke kan kwarashi. Kowane jawowa ido ɗaya ne na sarƙa. Na biyu gajere: a soka kwarashi cikin ido, a yi naɗi, a jawo, zobba sun zama biyu; a sake naɗi, a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Na uku dogo: a fara yin naɗi tun kafin a soka, sa'an nan a soka, a yi naɗi, a jawo, zobba sun zama uku, a yi naɗi a ratsa biyu, a sake naɗi a ratsa biyun da suka rage. In za a fara sabon layi da gajere a kan hau da sarƙa ɗaya, in da dogo ne a hau da sarƙa uku, waɗannan ukun kuwa a lissafa su a madadin dogo na farko.

A nan ne amfanin sunayen Hausa ya fi fitowa fili, gama littattafan Turanci kansu ba bakinsu ɗaya ba. Ƙullin da aka kira gajere, mutanen Ingila dobul su ke ce masa, mutanen Amurka kuwa singil. Wanda aka kira dogo, a Ingila tirebul ne, a Amurka dobul. Ana iya cewa Ingila tana ƙidaya zobban da suka taru kan kwarashi, biyu ko uku, Amurka kuwa tana ƙidaya sau nawa aka ratsa su, ɗaya ko biyu. Kalmar dobul ke nan tana nufin abu biyu dabam, gwargwadon ƙasar da aka buga littafin. Ɗalibar da aka koya wa sunayen Ingila, in ta ɗauki littafin Amurka ta ga an ce ta yi dobul biyar cikin ido ɗaya, za ta cusa gajeru biyar a wurin, su dunƙule kamar ƙurji, aikin ya tattare ya ƙi shimfiɗuwa, ta kuwa ɗauka hannunta ne ba shi da kyau. Hanyar gane littafi mai sauƙi ce: inda aka ga kalmar singil, galibi na Amurka ne. Gajere da dogo ba su da wannan illa, ko yaro ya dube su ya san wanne ne wanne.

Sauran sunan zanen kansa. Turawa suna kwatanta shi da ɓawon wata dabbar teku mai faɗi da tsage-tsage, irin wanda ke jikin alamar kamfanin mai na Shell. Bahaushe ya san wuri, ya san katantanwa, amma ba ɗayansu da ya yi kama da wannan siffa: wuri dunƙulalle ne, katantanwa a murɗe ta ke. Abin da ya yi kama da shi sosai a gidan Bahaushe shi ne maficin kaba, mai tsinke ɗaya a gindi da baki shimfiɗaɗɗe a sama. Waɗansu littattafan Turai ma da sunan abin fifita su ke kiransa, saboda haka mafici bai kauce wa asali ba. Raga ba ta bukatar bayani, kowane hujinta kuwa za a kira shi taga.

Lissafin shida

Doka ɗaya ce ke riƙe da kowace saƙar kwarashi da a ke so ta kwanta sumul: adadin idanun da layi ya ci a ƙasa, shi zai biya a sama. In ya biya ƙasa da abin da ya ci, aikin ya tsuke. In ya biya fiye, gefe ya yi yawa ya fara lanƙwashewa kamar ganyen latas. Wannan lanƙwasa ba abin raini ba ce a wurin masana lissafi: a 1997 Daina Taimina ta Jami'ar Kwanel a Amurka ta yi amfani da ƙarin ido da gangan, a kan ƙa'ida, ta saƙa siffar wani irin fili mai lanƙwasa wanda a da ya ke da wuyar nunawa ga ɗalibai da abin da hannu zai taɓa. Amma mai saƙa bargo ba wannan ta ke nema ba.

Raga tana biyan bashinta ido da ido. A yi dogo, a yi sarƙa ɗaya, a tsallake ido ɗaya, a yi dogo a na gaba. Sarƙar da aka yi a sama ita ce madadin idon da aka tsallake a ƙasa. Kowace taga ke nan tana cin ido biyu, tana biyan biyu.

Mafici kuwa a dunƙule ya ke biya. A kafa gajere ɗaya, a tsallake ido biyu, a zuba dogaye biyar cikin ido na gaba, a sake tsallake biyu, sa'an nan a kafa wani gajere wanda shi ne farkon mafici na biye. Abin da aka ci a ƙasa: ɗaya na gajere, biyu na tsallake, ɗaya na gindi, biyu na tsallake, shida ke nan. Abin da aka biya a sama: gajere ɗaya da dogaye biyar, shida. Dogayen nan biyar da ya ke gindinsu ɗaya ne, kawunansu kuma kowanne yana neman wurinsa, dole su baje, na tsakiya ya miƙe tsaye, na gefe su kishingiɗa su rufe idanun da aka tsallake. Gajerun da ke dama da hagu su ne turakun da suka danne gefen. Daga nan a ke gane dalilin da ya sa adadin dogayen ya ke zama mara, biyar ko bakwai: ana bukatar na tsakiya guda ɗaya, domin a kansa layi na gaba zai taka.

Tun da taga tana cin biyu, mafici yana cin shida, tagogi uku daidai su ke da mafici ɗaya. Faɗin bargon kuwa dole ya zama ninkin shida da ƙarin ido ɗaya, wannan ɗayan shi ne turken da zai rufe mafici na ƙarshe. Duk wanda ya riƙe wannan zai iya tsara bargo kowane faɗi ba tare da ya buɗe littafi ba.

Ga misali. Ana son bargon jariri mai faɗin kamar santimita 90, da ulu matsakaici da kwarashi mai kaurin milimita 4, wanda tsofaffin littattafan Ingila ke kira lamba 8. Kafin a fara sai a saƙa ɗan gwaji mai mafitai huɗu ko biyar a auna, domin hannun kowa da irin ɗaurinsa. A ce gwajin ya nuna mafici ɗaya ya kai santimita 4. Mafitai 22 za su ba da santimita 88, sauran kuwa bakin da za a yi a ƙarshe zai cika. Shida sau 22 ya zama 132, da ɗaya 133, da uku na hawa 136. Sarƙar tushe ke nan ido 136. Yana da kyau a saƙa ta da kwarashin da ya ɗara na aikin kauri, kamar milimita 5, gama sarƙa ba ta miƙewa kamar sauran jikin bargon, in ta yi tsauri sai gindin aikin ya tanƙware kamar baka.

Layin farko raga ne, da launi na ɗaya. A soka dogo a ido na shida daga kwarashi. Biyar ɗin da aka bari ba a banza aka bar su ba: uku dogo ne na farko, ɗaya rufin taga, ɗaya ƙasanta. A ci gaba da sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, dogo, har ƙarshe. In lissafi ya yi daidai za a sami tagogi 66. Ya kamata a tsaya a ƙidaya su kafin a wuce, domin kuskuren da aka kama a nan minti biyu zai ci, wanda aka kama bayan layi ashirin kuwa yini guda.

Layi na biyu mafici ne, da launi na biyu. A hau da sarƙa ɗaya, a kafa gajere kan dogon farko, a tsallake taga ɗaya, a zuba dogaye biyar cikin taga ta tsakiya, a tsallake ta uku, a kafa gajere kan dogon da ya rufe ta. Haka har ƙarshe, mafitai 22. Sokawa cikin taga ta fi sauƙi a kan neman idon sarƙa, ta kuma fi ƙarfi.

Layi na uku shi ma mafici ne, da launin nan na biyu, amma a gurguje da na ƙasa kamar jerin tubali. Duk inda aka sami kwari, watau kan gajere, a zuba dogaye biyar. Duk inda aka sami tudu, watau dogon tsakiya, a kafa gajere. Da ya ke layin ƙasa da gajere ya fara da shi kuma ya ƙare, gefuna biyu za su sami rabin mafici: sarƙa uku da dogaye biyu a farko, dogaye uku a ƙarshe. Cikakkun mafitai 21 ke nan da rabi biyu. Mai shakka ya lissafa: 105 na cikakku, 6 na rabi-rabi, 22 na gajeru, jimla 133.

Layi na huɗu shi ne wanda masu koyo suka fi raina wa, shi ne kuwa ke hana bargon karkacewa. Bakin aikin yanzu hawa da gangara ne, in an ɗora raga a kansa kai tsaye tagogin za su bi wannan hawa da gangara su murguɗe. Sai a koma launi na ɗaya a yi layin daidaitawa: gajere a kan tudu, sarƙa biyu, dogo a cikin kwari, sarƙa biyu, gajere a kan tudu na gaba. An sa gajere inda ƙasa ta yi tsawo, an sa dogo inda ta faɗa, kamar yadda magini ke cike rami kafin ya ja katanga. Ɗaya da biyu da ɗaya da biyu, shida bai sauya ba.

Layi na biyar raga ce kuma. A hau da sarƙa huɗu, uku na dogo, ɗaya na taga. A yi dogo cikin gurbin sarƙa biyu na farko, sarƙa ɗaya, a tsallake dogon kwari, a yi dogo cikin gurbi na biyu, sarƙa ɗaya, dogo kan gajere. Tagogi uku sun dawo bisa kowane ido shida, jimla 66 kamar farko. Daga nan sai maimaici, layi na biyu zuwa na biyar, har tsawon ya kai yadda a ke so, a tsaya a kan layin raga.

Mai saƙa da hannun dama daga dama ta ke tafiya zuwa hagu, kamar mai rubutun ajami, in ta kai ƙarshe ta juya aikin. Littattafan da ke nuna saƙa da zane maimakon kalmomi, irin waɗanda suka yi yawa a Japan, daga ƙasa a ke karanta su zuwa sama. Ɗan ƙwai alamar sarƙa ne, gicciye alamar gajere, sanda mai hula da kara guda a gicciye a jikinta alamar dogo. Malamar da ta zana waɗannan a allo ta rubuta sunan Hausa a ƙarƙashin kowanne ta kuɓutar da ajinta daga rigimar Ingila da Amurka baki ɗaya.

Launi biyu

Ba don ado kaɗai aka ba kowane launi layi biyu ba. Layi ɗaya yana kai zare wancan gefe, na biyu yana dawo da shi. Saboda haka duk lokacin da a ke bukatar launin da aka ajiye, za a tarar da shi yana jira a gefen da a ke, sai a ɗauko shi a haura da shi ta bakin bargon ba a yanke ba. Da a ce layi ɗaya ko uku aka ba kowane launi, da zaren ya riƙa kwana a gefen da ba a nemansa, dole a yanke a sake ɗaurawa, bargo mai layi ɗari ya tashi da jelar zare masu yawa waɗanda sai an bi su ɗaya ɗaya da allura an ɓoye. Wanda ke son raga ta fi faɗi sai ya ƙara mata layi biyu, ta zama huɗu, kada ya ƙara ɗaya. Zaren da a ke haurawa da shi kada a ja shi da ƙarfi, in ba haka ba wannan gefen zai fi ɗaya gajarta.

Wurin sauyawa kuma yana da ƙa'ida wadda mutane da yawa ke bi ba su san dalilinta ba. Ba a gama ƙulli na ƙarshe da tsohon launi. In saura zobba biyu kan kwarashi, sai a saki tsohon zare, a yi naɗin ƙarshe da sabo. Dalili shi ne zoben da ya rage kan kwarashi bayan an gama ƙulli ba na wannan ƙullin ba ne, na wanda zai biyo shi ne. In an bar shi da tsohon launi zai hau cikin sabon layi ya bar ɗigo a bakin kowane sauyi.

Game da zaɓen launi, abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ja da kore sun bambanta a suna, amma in duhunsu ɗaya ne, daga nesa sai su narke cikin juna, mafici ya ɓace. A ajiye ƙwallayen biyu gefe da gefe a duba su da magariba, lokacin da ido ya daina rarrabe launi sosai. In har ana iya gane su, sun dace. Masaƙan Hausa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa baƙin shuni da fari suka isa su fitar da saƙi da luru. Launi mai haske ya fi nuna tsagin dogaye biyar ɗin nan, saboda haka ya fi kyau a ba mafici mai haske, a bar wa raga mai duhu, ko da ya ke akasin haka ma yana da masoya. Mafici ya fi raga cin zare nesa ba kusa ba, sai a sayi nasa da yawa, a kuma saye shi gaba ɗaya daga turi guda. Kamfanoni suna buga lambar turi a jikin takardar da ke naɗe da ƙwallon, domin rinin yau da na gobe ba su cika zama ɗaya ba, ko a karofi ko a masana'anta.

Aibin da ya fi yawa a aikin masu koyo shi ne bargo ya fara da faɗi ya ƙare da tsukakken kai. Kusan kullum sanadinsa guda ne: an manta cewa sarƙa ukun da aka hau da su ƙulli ne, aka kai ƙarshen layi ba a soka a kansu ba. A layi na biyu, gajeren ƙarshe kan ido na uku na sarƙar hawa zai zauna; a layi na huɗu ma haka. Ɗan zare mai wani launi da aka rataya a wannan ido yana maganin mantuwa.

In tsawo ya cika sai a zagaye bargon da gajeru layi ɗaya ko biyu, wannan zai binne zaren da aka haura da shi ta gefe. A jikin kowane dogo da ke kwance a gefe a sa gajeru biyu, a jikin gajere a sa ɗaya, a kowace kusurwa a sa uku cikin ido guda domin ta juya ba ta tattare ba. Jelar zaren da ta rage a bar mata tsawon kamar santimita 15, a ratsa ta da allura mai dakusasshen baki cikin gindin mafitai, a je a dawo, kada a ƙulla a yanke gab da ƙulli, gama wanki biyu zai kwance shi. Ulun tumaki na gaskiya ba ya son ruwan zafi da cuɗa, yana tsukewa ya dunƙule. Na roba yana jure wanki amma ba ya jure dutsen guga, zafi yana kashe masa laushi ko ya narkar da shi. Dukansu biyu a shimfiɗe a ke shanya su a inuwa, domin in an rataya jiƙaƙƙen bargo bisa igiya nauyin ruwa zai ja tagogin su yi tsawo.